Hoton Baba da Na Kama Na Saki

Hadiza, ke kika fi kowa damuna da maganar nan, don haka da ke zan fara, ƙannenki su saurara. Kin sha cewa abin kunya ne a ce mutumin da ya ƙare rayuwarsa a gaban kwamfuta, wanda ya gyara hotunan rabin mutanen Haɗejiya, ba shi da hoton ubansa ko guda. Na kuma ji labarin da ke yawo a tsakaninku, wai na taɓa samun hoton kakanku, sakaci ya sa faifan ya lalace a hannuna. Ban san wanda ya ƙirƙiro wannan ba, ko da yake ina zargin Baffanku Sale, don shi in labari ya yi masa nauyi sai ya sauya masa kaya. Na samu hoton, wannan gaskiya ne, amma babu abin da ya lalace. Ga yadda aka yi.

Kakanku masunci ne, yana kuma noman shinkafa a wani ƙauye bayan Auyo, inda in damina ta yi nisa ba a shiga sai da kwale-kwale. Bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Ba ya wa'azi a kai, ba ya hana kowa, shi dai a ƙyale shi. In ya ji masu yin katin ƙungiyar manoma sun iso da mai hoto, sai ya ɗauki komarsa ya shiga ruwa, ba zai fito ba sai sun tafi. In an matsa masa, amsarsa ba ta canzawa.

"Wanda ya yi ni ya san kamata. Ku me za ku yi da ita?"

Ni kuwa tun ina ƙarami aka kawo ni cikin gari wurin kawuna saboda makaranta, sai hutu nake zuwa gida. Kuma a gidanmu ba a kallon uba a ido. In ya kira ka, ka durƙusa ka dubi ƙasa. Saboda haka ƙafafunsa na sani, masu faso, waɗanda ruwa ya cinye tsakanin yatsunsu. Ya rasu a farkon shekarun tamanin ina firamare, bayan zazzaɓi na 'yan kwanaki. Da na girma na nemi fuskarsa a raina sai na rasa. Ina jin muryarsa, ina jin hayaƙin banda a rigarsa, amma in na ɗaga kai sama da wuyansa babu komai. Abin nan ya daɗe yana ci mini rai, ban gaya wa kowa ba. Innarmu ba wadda za ka tambaya ba ce. Asalinta Fulani ne, kunyarta ta wuce misali, har ta bar duniya ban ji ta kama sunan mijinta ba. Sai dai ta ce "shi", kowa kuma ya san wa take nufi.

A ƙarshen shekarun casa'in ina aikin buga takardu a wani ofis da ke lura da fadama da tsuntsayenta a nan Haɗejiya. Da tafireta na fara, sai ga kwamfuta an kawo. Ku da kuka tashi da waya a hannu ba za ku gane abin da muka ji ba. An ware mata ɗaki, an ɗinka mata riga, ba a shiga wurinta da takalmi, ita ce da fanka mu muna zufa. Wadda aka danƙa wa ita Madam Ladi ce, 'yar Filato, mace mai dariya da faɗa a lokaci guda, ita ta koya mini riƙe linzamin kwamfuta har hannuna ya saba. Wata rana ta dawo daga hutu a Jos da ɗan ƙaramin faifai mai kusurwa huɗu, irin wanda muke ce wa filofi, ta ɗaga shi kamar ta tsinci zinariya.

"Haruna, zo ka ga abin da ƙanina ya ba ni. Wannan zai buɗe maka kowane irin hoto, kuma kyauta ne."

"Kyauta daga wa, Madam?"

"Daga wanda ya yi shi mana. Wani mutum ne can ƙasar Turai, shi kaɗai ya zauna ya yi, ya ce kowa ya ɗauka."

Ban yarda ba sai da na karanta da idona a jikin allo. A lokacin ba mu san kalmar manhaja ba, sai muka sa masa suna Ɗan Kyauta. Bai ma cika faifan ba, amma aikinsa ya fi ƙarfin jikinsa. Hotunan da aka aiko mana da su tun bara suna kwance a cikin kwamfuta ba mu iya buɗewa, shi ya bi su ɗaya bayan ɗaya kamar mai buɗe ƙofofin kasuwa. Ka girmama hoto, ka rage shi, ka juya shi, ka yanke gefe. Sannan yana da wani aiki da ya fi ba ni tsoro: ka danna maɓalli biyu tare, duk abin da ke kan allo a wannan ƙiftawar ya tsaya cak, ya zama hoto, ka adana shi. Madam Ladi ta ce wannan shi ne kama allo. Na yi kwanaki ina kama agogon kwamfuta, ina dawowa ina kallon lokacin da ya riga ya wuce yana nan a tsaye. Na kuma yi ta tunanin mutumin nan da ban sani ba, da ya yi wannan abu ya sake shi cikin duniya, bai san akwai wani Haruna a Haɗejiya ba. Har addu'a na yi masa, ban san ko wane addini yake bi ba.

A shekarar ne wani Bature mai binciken tsuntsaye ya zo mana. Tsoho ne, dogo, sunansa ya gagari bakinmu muka bar shi a Mai Tsuntsaye. Ya ce ya taɓa zuwa fadamar nan tun yana da ƙarfinsa, kafin ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, suka ɗauki fim na agwagin da ke zuwa daga ƙasarsu lokacin sanyi. An mayar da fim ɗin cikin faifan sidi, yana so ya nuna mana yadda wurin yake a da. Ranar Laraba da hantsi muka taru a ɗakin kwamfuta, ya sa faifan. Fim ɗin ɗan ƙarami ne a tsakiyar allo, bai fi tafin hannu ba. Ga dinya, ga kirinjijiya sun rufe ruwa, ga zalɓe a tsaye. Ruwa shimfiɗe har ƙarshen gani, yadda na san shi ina yaro. Sai wani kwale-kwale ya shigo daga hagu, mutum a tsaye a bayansa yana tura sanda. Ya ɗan juyo ya dubi masu ɗauka, ya kau da kai, ya shige bayan ciyawa. Duka abin bai fi ka sha ruwa ka ajiye kofi ba.

Ban san na miƙe ba sai da kujera ta faɗi a bayana. Yadda yake dafa ƙafar hagu a bakin jirgi, da yadda yake sakin sandar ta zame cikin hannunsa kafin ya sake kama ta, babu mai yin haka sai mutum ɗaya. Madam Ladi ta dube ni.

"Lafiya, Haruna? Ka ga aljani ne?"

"Madam, babana ne."

Ta san ya rasu. Ta juya ta yi wa Baturen bayani. Mutumin ya cire tabarau ya dube ni da tausayi, ya maimaita wurin sau da yawa. Amma ya ce jibi zai tafi, faifan kuma ba nasa ba ne, na jami'arsu ne, shi kaɗai gare su a nan. Muka gwada kwafe fim ɗin, ya fi ƙarfin filofi nesa ba kusa ba, kuma an ɗinke shi cikin wani shiri da ba a iya zare shi. Madam Ladi ta buga tebur.

"To ina Ɗan Kyauta? Ka kama shi mana."

Na zauna, na jira jirgin ya shigo, ya juyo, na danna. Na buɗe abin da na kama. Ga allo duka ya fito, ga agogo, ga rubutun gefe, ga firam ɗin fim, amma cikin firam ɗin baƙi ƙirin, babu ruwa, babu jirgi, babu mutum. Na sake, baƙi. Madam Ladi ta karɓa ta gwada, baƙi. Baturen ma ya gwada. Daga baya na fahimci cewa kwamfutocin wancan zamani suna zuba fim a allo ta wata hanya dabam, wadda mai kamawa ba ya gani. Amma a ranar ban san wannan ba. Abin da na sani shi ne mutumin da ya gudu daga masu hoto duk rayuwarsa ga shi yana gudu bayan ransa. Ko Madam Ladi da ba ta da tsoro sai da ta ja kujerarta baya.

"Wannan babanka, Haruna, taurin kai gare shi. Yanzu na gane inda ka samo naka."

Na yi dariya, amma hawaye ne a idona. Na koma gida ban iya cin abinci ba.

Washegari da sassafe na riga kowa zuwa. Madam Ladi ta iso ta kunna wani ɗan fim da ya zo tare da kwamfutar, don ta gwada ko shi ma baƙi zai fito. Baƙi ya fito. Ta bar shi yana ta juyawa a gefe, mantuwa ce kawai, ta sa faifan Baturen da ya bari a ofis. Na danna ba tare da wani fata ba. Da na buɗe sai ga ruwa. Ga ciyawa, ga jirgi, ga mutum a tsaye ya juyo da fuskarsa. Ashe fim na farko shi ke tare waccan hanyar, na biyu ya bi ta inda ake iya kama shi. Na ji kamar a ce in cire hula.

Na girmama hoton. Fuskar ta matso, doguwa, da ɗan gemu, da hular da ta sha rana. Na ƙara girmamawa, kwaɗayi ya ja ni, sai ta fara tsinkewa ta zama ƙananan murabba'ai kamar saƙar tabarma, har ta daina zama fuska. Na rage ta koma. Akwai wani wuri guda, ba kusa sosai ba, ba nesa ba, inda yake mutum. A nan na bar shi, na zauna ina kallo. Ban taɓa jin girman ikon Allah a cikin aikin hannun ɗan Adam kamar na wannan safiya ba. Hasken rana ɗaya da ta faɗi tun ina yaro, an ɗauke shi an kai Turai, ya yi shekaru a can, ya dawo garinmu, wani baƙo da ban sani ba kuma ya ba ni hannun da zan riƙe shi.

Na aika aka kira Yaya Sale daga kasuwar kifi. Ya shigo yana ƙorafin an sa shi cire takalmi saboda inji, ya duƙa ya ƙura wa allo ido.

"Na kama Baba, Yaya."

"Kama ce kawai. Masunta nawa ne a fadamar nan masu gemu da hula? Kai da ba ka zauna da shi ba."

Maganar ta soke ni, don gaskiya ce ban zauna da shi ba. Na nuna masa fim ɗin, ya ce tuƙin ya yi kama, amma ba zai rantse ba. Muka yi ta ja har ya gaji.

"Mutum ɗaya ce za ta raba mu. In ka isa ka kawo ta."

A lokacin Inna tana zaune a gidana, nan unguwar da aka haife ki, Hadiza. Ban san yadda zan faɗa mata ba, don ba a kawo mata zancensa kai tsaye. Na durƙusa a bakin ƙofarta na ce akwai wani abu a wurin aiki da nake so ta gani, tsohon hoton fadamar garinmu ne. Ta ce ita da ta sha ruwan fadama har ta ƙoshi me za ta gani a hoto. Na ce akwai mutane a ciki. Ta ci gaba da tsince shinkafa. Can ta ture faifan shinkafar ta ce a miƙo mata mayafi.

Bayan azahar na kawo ta a bayan babur. Madam Ladi ta tare ta da "Sannu da zuwa, Mama," ta ba ta kujerar Baturen, mai taushi, a gaban allo. Mai Tsuntsaye yana tsaye a bakin taga, Yaya Sale ya jingina da bango ya harɗe hannu yana jiran ya ci ni da gardama. Inna ta zauna a ɗofane tana kallon fanka. Na buɗe Ɗan Kyauta, na kira hoton, na tsayar da shi daidai wurin nan da yake mutum.

Ta dube shi sau ɗaya. Sai ta ja mayafinta ya rufe rabin fuskarta, ta kau da kai gefe, ta zame daga kan kujerar a hankali ta zauna a ƙasa, ta tanƙwashe ƙafafu. Haka take yi in ya shigo gida. Ba ta taɓa zama a kan abin da ya ɗaga ta sama yana wurin ba. Na juya na dubi Yaya Sale, sai na ga ya sauke hannuwansa, ya bi bango ya durƙusa. Ni ma na sauka daga tawa kujerar. Mu uku a ƙasa, shi a tsaye a cikin jirginsa.

Inna ce ta fara magana, ba ta ɗaga kai ba.

"Ya aka yi ya tsaya?"

"Kama shi na yi, Inna. Fim ne, yana wucewa, sai na tsayar."

"Nuna mini yadda yake kafin ka tsayar."

Na miƙa hannu daga durƙushe na sa fim ɗin. Ta kalle shi ta gefen mayafi. Ya shigo, ya juyo, ya kau da kai, ya shige ciyawa.

"Ka gani? Ya ga masu ɗauka, bai tsaya ba. Da ya so da ya tsaya. Wancan da ka riƙe, sake shi."

Na ce, "Inna, jikokinki fa? Ba su san shi ba. Ni kaina ban san shi ba sai yau."

"To yau ka san shi. Bai ba ka ba, Haruna."

Madam Ladi tana bayana. Ta ɗan taɓa ni da ƙafa, na waiga, ta nuna mini wani filofi da ke hannunta ta ɓoye shi cikin tafinta. Na gane nufinta. Kafin Inna ta ƙifta ido zan iya zuba hoton a ciki, sannan in goge na kan allo, babu wanda zai sani. Don ƙauna ta yi, har gobe ina gode mata. Zuciyata ta so, wallahi ta so. Amma na dubi tsohuwar nan a ƙasa, wadda ta yi shekaru ba ta ga mijinta ba, ta samu ganinsa, kuma abin da ya fara zuwa mata shi ne abin da shi yake so. Na girgiza wa Madam Ladi kai. Na ƙara kallon fuskar, na yi ƙoƙarin haddace ta kamar karatun allo, na danna gogewa. Injin ma sai da ya tambaye ni ko na tabbata. Na ce masa na tabbata.

Ba zan ɓoye muku abin da ya ci mini ba. Haddar ba ta zauna ba. Shekara biyu ko uku ina iya kiran fuskar, daga nan ta fara dushewa, yanzu sai hular da gemun suka rage. Ranar da aka haifi ƙaninku mai sunansa na zauna na yi kuka, don ban san ko ya ɗauko shi ko bai ɗauko ba. Da intanet ta zo na nemi fim ɗin har na gaji, ban same shi ba. Ku ma na hana ku abin da kuke da haƙƙi a kai, na sani. Amma in aka mayar da ni ɗakin nan yau, abin da na yi shi zan sake yi.

Da allon ya koma fari Inna ta tambaya ko ya wuce, na ce ya wuce. Sannan ta dafa ƙasa ta miƙe, ta gyara mayafi. Mai Tsuntsaye ya zare faifansa yana neman gidansa na roba a cikin jaka. Inna ta tsaya tana kallonsa.

"Da wannan zai tafi garinsu?"

Madam Ladi ta ce, "E, Mama, gobe."

"An ce garinsu akwai sanyi."

"Sosai, Mama. Har ruwa yana daskarewa."

Inna ta juya mana baya, ta kwance ɗan ƙyallen da take ƙulle goro a ciki, ta juye goron a hannun Yaya Sale, ta kakkaɓe ƙyallen ta miƙa wa Madam Ladi.

"Ki ce masa ya naɗe a ciki. Mutumin da ke ciki ba ya son sanyi."

Madam Ladi ta fassara masa. Tsohon ya saurara har ta gama. Ya karɓi ƙyallen da hannu biyu, ya shimfiɗa shi a kan tebur, ya naɗe faifan a gaban Inna, ya ƙulle bakin, ya sa a aljihun rigarsa na ciki.